Hatimi Shida Kafin Akara

Idan mutum ya ce zai tafi Ingila ko Amurka, addu'ar farko da ake yi masa ita ce Allah ya sa a ba shi biza. Idan kuwa ya ce Gana za shi, sai ka ji an ce, "Ai nan gida ne, ba biza, mota kawai za ka hau." Gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Ɗan Najeriya ba ya zuwa ofishin jakadancin Gana neman izini, ba ya kai takardar banki, ba a sa masa ranar ganawa. Sai dai tsakanin Legas da Akara, tafiyar da ba ta cika kilomita 500 ba, akwai iyaka uku, kuma a kowace iyaka ƙasa biyu ke da ta cewa a kanka: wadda za ka bari da wadda za ka shiga. Hatimi shida ke nan a fasfo kafin ka sauka. Ɗaurin auren jikan yayar mahaifiyata a unguwar Nima ta Akara ne ya ɗora ni a kan wannan hanya, na kuma zaɓi mota saboda kuɗin jirgi ya fi ƙarfin aljihuna.

Wannan 'yanci na shiga ba biza yana da asali. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, sannan a watan Mayun 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, bisa sharaɗi biyu: ya riƙe takardar tafiya mai inganci, ya kuma riƙe shaidar rigakafi ta ƙasa da ƙasa. Ya kuma bi ta ƙofar da hukuma ta sani. A cikin yarjejeniyar akwai wani sashe da mutane ba su cika ambatawa ba, wanda ya bar wa kowace ƙasa ikon hana mutum shiga idan dokarta ta cikin gida ta ɗauke shi wanda bai cancanta ba. Wato an ɗauke maka neman izini tun daga gida, amma ba a ɗauke maka amsa tambaya a bakin ƙofa ba.

Shiri ya fara tun daga Kano. A lokacin, takardar tafiya iri biyu ce ke aiki: fasfo ɗin nan kore mai ɗauke da sunan ECOWAS a bangonsa, ko kuma ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, wadda ta fi araha amma ba ta fita da kai daga yankin. Katin zaɓe da takardar lambar ɗan ƙasa da lasin tuƙi duk suna da amfaninsu a gida, amma babu wanda zai buga hatimi a kansu. An fi son kuma fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, da shafukan da ba a cike ba, tunda zuwa da dawowa kawai za su ci hatimi goma sha biyu.

Sai katin rigakafin shawara, mai launin rawaya. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, saboda abu biyu. Na farko, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta jajibirin tafiya kamar bai yi ba ne a idon mai dubawa. Na biyu, akwai masu sayar da kati ba allura a bakin tashoshi, da hatimi da sa hannu da komai. Katin da ake bayarwa a Najeriya yanzu yana da alamar da ake haskawa da waya a ga ko sunanka yana cikin rajista, kuma ko da na jabu ya tsallake jami'i, ba zai tsallake sauro ba. Abin daɗin shi ne, tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, an daina sabuntawa duk shekara goma. Ka yi ta sau ɗaya, ka adana katin tare da fasfo, ka huta.

Daga Kano zuwa Legas ba abin da zan ƙara wa wanda ya taɓa kwana a doguwar mota. Labari ya fara ne da asuba a tashar motocin gaɓar teku, inda kwandasta ya bi mu kujera-kujera yana karɓar fasfo da katin rawaya, yana haɗa su da roba, yana kuma faɗa wa kowa abin da zai bayar na iyaka. Ba kuɗi ɗaya ya yanka wa kowa ba. Mai tsohon fasfo da ya sha hatimi nasa kaɗan ne. Mai sabon fasfo fil, wanda ba a taɓa bugawa ba, nasa ya ninka. Marar katin rawaya an ƙara masa. Wani saurayi daga wani ƙauyen Jigawa, wanda zai je wurin yayansa mai sayar da shayi a Akara, ya zaro katin zaɓe daga aljihun gaba. Kwandasta ya jujjuya katin, ya mayar masa, ya ce su yi magana a waje.

Ni na ce zan riƙe fasfona, zan shiga layi da kaina. Wata Hajiya da ke kusa da ni, 'yar kasuwar atamfa da ta saba da hanyar Lome, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, farkon zuwa ne ko?"

Hanyar Badagiri shinge ce bayan shinge, kowane da kalar kakinsa, har muka isa Seme da hantsi. A nan Najeriya da Benin suna aiki a harabar gini ɗaya, wanda aka buɗe a watan Oktoban 2018 lokacin Buhari da Patrice Talon, da tallafin Tarayyar Turai. Tsarin a takarda mai sauƙi ne, kuma haka yake a sauran iyakokin. Teburin lafiya ya duba katin rawaya. Jami'in ƙasar da za ka bari ya buga maka hatimin fita. Jami'in ƙasar da za ka shiga ya buga na shiga. Kwastan su duba kaya. A waje kuwa 'yan canji ne riƙe da damin naira da sefa, da 'yan kamasho masu rantse maka cewa in ba ta hannunsu ba ba za ka wuce ba, da 'yan acaɓa masu jiran irin saurayin nan na Jigawa. Na hange shi ta taga ya hau bayan babur, sun yanki wata hanya ta cikin rairayi a bayan gidaje. Can gaba da iyaka muka tarar da shi a bakin titi yana kaɗe ƙura daga wando, yana murmushi kamar ya ci riba.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan uku ne aka gwada ni. Na miƙa fasfo ta ƙaramar taga, mutumin ya buɗe, ya duba hoto, ya dube ni, ya ɗaga hatimi, sai ya tsaya da shi a sama. Ya faɗi wani adadi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin mene ne?"

Ya ce na hatimi ne.

Na ce, "To, ba laifi. In dai za a ba ni rasit, ga su."

Bai yi faɗa ba, bai ma sake kallona ba. Ya ajiye hatimin, ya sa fasfona a ƙarƙashin tulin da ke gabansa, ya kira na baya. Na koma gefe na tsaya. Ina kallo kwandastanmu ya shigo da daminsa, ya zagaya ta ƙofar gefe, ya fito da su a buge cikin ɗan lokaci. Fasinjoji suka koma mota. Direba ya fara danna oda. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Malam, nawa ne kuɗin da za ka tsayar da mutane a rana?" Sai da layin ya ƙare mutumin ya zaro fasfona, ya buga, ya turo shi ta tagar ba tare da ya ce uffan ba. Ban biya ko sisi ba, amma wasu ne suka biya da lokacinsu, kuma na ga hakan a fuskokinsu da na shiga mota.

Hajiya ta bari sai da muka yi nisa sannan ta ce, "Gaskiyarka ce, ba kuɗin doka ba ne, kowa a motar nan ya sani. Amma kai yau ka zo, gobe ka tafi. Ni hanyar nan ce gonata. In na ce sai rasit, kayana za su kwana a nan, kuma wata mai zuwa fuskar nan dai zan tarar." Ba ni da amsar da ta fi tata ƙarfi. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ni ma ban iya tsayawa ba sai don babu inda za a kama ni. Fasfo da sauran kwanansa, kati na gaske, hatimin baya a wurinsa. Da ɗaya ya yi rauni, da ba rasit zan tambaya ba, ragi zan roƙa.

Benin ta wuce da sauri: Kwatano da 'yan acaɓanta masu riguna rawaya, Wida, sannan Hilakonji inda ake shiga Togo. A nan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, domin Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, Togo da Gana kuma suna bayansu. Wani dattijo a motar ya yi ta mamakin yadda wayarsa ta ce azahar ba ta yi ba alhali cikinsa ya ce ta wuce. Gaɓar Togo kuwa 'yar kaɗan ce, kilomita hamsin da 'yan kai, daga Aneho zuwa Lome, teku na hagunka, itatuwan kwakwa a jere. Ga wannan 'yar tafiya ma sai an buga maka shiga an buga maka fita. Birnin Lome ya jingina da iyaka ne ƙwarai: titin bakin teku yana ƙarewa, ƙofar Gana tana farawa.

A Aflawo, ƙofar ta Gana, tambayoyin sun fi yawa, kuma tambayoyi ne na ƙa'ida. Ina za ka? Wurin wa? Me za ka yi? Kwana nawa? Na riga na rubuta adireshin gidan da lambar wayar mai masaukina a takarda, na kuma riƙe katin gayyatar ɗaurin aure, sai abin ya zo da sauƙi. Wanda ya ce "wurin ɗan'uwana" ya tsaya nan, ba unguwa ba lamba, shi ake ajiyewa a benci. A gabana akwai wata mata da yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu, ta ce 'yar ƙanwarta ce. Aka raba su, aka tambayi kowacce ita kaɗai, aka nemi takardar amincewar iyaye. Matar ta yi ta ƙorafi, amma wannan tsanantawar ban ga laifinta ba, don hanyar gaɓar nan ta yi ƙaurin suna wajen safarar yara zuwa aikatau. Mai tafiya da yaron da ba nasa ba, ko mace mai tafiya da 'ya'yanta ba mahaifinsu, ya kamata su tanadi takardar haihuwa da wasiƙar amincewa tun daga gida.

Idan an buga maka hatimin shiga, kada ka rufe fasfo ka jefa a jaka. Tsaya ka duba kwanan wata, ka duba adadin kwanakin da aka rubuta. Kwana 90 shi ne iyakar abin da yarjejeniya ta ba ka, abin da ke kan shafin kuwa shi za a yi maka hisabi da shi ranar fita. Wanda ya ga zai wuce wa'adinsa sai ya nemi ƙari a ofishin shige da fice kafin ya cika, in ba haka ba tara na jiransa.

Mun ɗauka an gama, ashe da saura. Kusa da gadar Sogakofe, inda ake haye kogin Bolta, akwai shingen da ake saukar da fasinjoji a sake duba takardu. Abu ɗaya suke nema: hatimin shiga. Kowa ya nuna nasa ya wuce ta ƙafa ya jira mota a gaba. Saurayin nan na Jigawa, wanda ya tsallake iyaka uku a bayan babur, yana biyan ɗan acaɓa a kowacce, a nan tafiyarsa ta tsaya. Ba shi da abin nunawa. Aka sauke jakarsa. Ya ce mini, "Yaya, don Allah kira mini wannan lambar, ka ce masa ina nan." Na kira yayansa, na faɗa masa sunan wurin, motarmu ta tashi. Kuɗin da ya kashe a kan babura da shingaye, da ya haɗa su tun a Dutse ya nemi takardar tafiya, da yana cikinmu.

Kakanninmu sun san wannan ƙasa tun kafin a ja iyakokin nan. Fataken goro suna tashi daga Kano da jakuna, su haye Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, su bi ta Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Su ma ba kyauta suke wucewa ba. Kowane sarki a hanya yana da gaisuwarsa, kowane kogi yana da kuɗin fitonsa, kuma madugu ne ke shiga gaba ya yi ciniki a madadin ayari. Kwandastan nan mai damin fasfo gadon madugu ya ci, ko ya sani ko bai sani ba. Bambancin shi ne, a wancan zamani kuɗin haƙƙin mai ƙasa ne da kowa ya amince da shi. Na yau kuwa shugabannin ƙasashen da kansu suka sa hannu cewa babu shi.

A Nima ba ka jin baƙunta. Ana kiran salla ta ko'ina, ana cinikin koko da ƙosai da Hausa, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da hasumiyoyinsa irin na Turkiyya. Bayan an shafa fatiha an watse, na zauna da Inna, yayar mahaifiyata, ina ba ta labarin hanya. Da na zo kan saurayin da aka sauke, sai ta ce, "Ɗan nan, mu da aka haifa a nan ma takarda ta taɓa raba mu." A zangon Kumasi aka haife su ita da mahaifiyata, mahaifinsu goro ya kawo shi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da suka shekara talatin suna kasuwanci ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda, suka wayi gari suna sayar da gida da gado a wulaƙance. Inna ta tsira saboda tana auren ɗan ƙasa. Mahaifiyata, tana yarinya, aka ɗora ta a bayan babbar mota zuwa Kanon da ba ta taɓa gani ba. A farkon 1983 kuma Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shehu Shagari, aka kori baƙi marasa takarda, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya, kuma a lokacin yarjejeniyar Dakar tana nan da ranta. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kaya a ciki daga wannan korar ta samo sunanta.

Shi ya sa ya kamata masu niyyar zama su bambanta abu uku da ake yawan cakuɗawa. Shiga daban, zama daban, kafa sana'a daban. Kwana 90 na baƙunta ne. Wanda zai zauna sai ya nemi izinin zama da katin shaida na baƙi. Wanda zai buɗe shago kuma zai haɗu da dokar cikin gida. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, ta kuma ɗora wa baƙon da zai yi harkar ciniki jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki. Da ita aka kafa hujja lokacin da aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. Hatimin Aflawo bai kare kowa daga wannan kwaɗon ba.

Ƙofar kanta ma ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Gana ta rufe nata saboda korona daga Maris ɗin 2020 har Maris ɗin 2022. Mutanenmu da yawa sun fi sabawa da hanyar arewa, ta Birnin Ƙonni da Yamai da Burkina Faso a shiga Gana ta Paga a gangaro Tamale, amma juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa an rufe iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris ɗin 2024, ga kuma rashin tsaro a gabashin Burkina. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ɓangarorin biyu sun sanar cewa jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza, sai dai abin da a da yake haƙƙi a cikin yarjejeniya yanzu ya rataya ne a kan sanarwa. Mai niyyar bin can ya tambayi direbobin da suka dawo a makon, kada ya dogara da labarin bara.

A dawowa na sake bin tagogin nan shida a juye, kuma a kowace tagar fita abin da jami'i ke fara lalube shi ne hatimin shigarka. Wanda ya shiga ta bayan gida sai ya fita ta bayan gida, ya sake biya, ya sake fargaba. Kuɗin goron da ake karɓa a hanyar nan ba zai ƙare don wani malami ɗaya ya nemi rasit ba, kuma ba zan ce wa Hajiya ta bar kayanta su kwana a rana ba. Gyaran wannan yana wuyan gwamnatocin da suka sa hannu a Dakar. Abin da ke hannun matafiyi shi ne ya je da takardunsa cif-cif: fasfo mai rai, allurar da aka yi da gaske kwana goma kafin tashi, adireshin masauki a rubuce, da ido a kan kowane hatimi. Mai wannan yana da zaɓi, ya biya don sauri ko ya tsaya a kan gaskiyarsa. Marar su kuwa duk abin da aka yanka masa shi zai biya, kuma ko ya biya ba shi da tabbacin isa.